Yini ɗaya a Haniya: bakin tasha ko kwazazzabon Samariya?

Wanda ya sauka a Haniya, a tsibirin Kirit na Girka, yana da zaɓi biyu. Tsohuwar tashar jiragen ruwa da mutanen birnin Benis na Italiya suka gina tana cikin gari, ba sai ka hau mota ba. Ka taka kan katangar teku har gindin hasumiyar fitila, ka dawo ta masallacin Kucuk Hasan mai ƙubba, wanda Turkawa suka gina bayan sun ci garin a 1645. Yanzu baje kolin zane ake yi a ciki. Abincin bakin ruwa da tsada, gara ka kutsa lunguna.

Samariya kuwa, wato dogon kwazazzabon da ke cikin duwatsu nesa da gari, ba wasan yara ba ce. Sammako za ka yi, ka gangara kilomita 16 a ƙafa bisa duwatsu. Akwai inda bangayen dutse suka matse, faɗin bai wuce mita huɗu ba. Ƙarshenta ƙauyen Ayiya Rumeli, inda jirgin ruwa ke kwashe mutane. Daga Mayu zuwa Oktoba ake buɗe ta. Mai ciwon gwiwa ko ƙananan yara, ni dai na ce ya tsaya tasha.