Gano juyin pon ɗin Hilux: lambar kamfani, juya taya, ko ƙirga haƙora?

Ɗan'uwanmu da ya sayi tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu ya kawo tambaya biyu a haɗe. Ya ce mai motar na farko ya taɓa sauya pon na baya, wato aksil, da wani na hannu, kuma yanzu in allurar agogon gudu ta hau 100, GPS na wayarsa 90 yake nunawa. Yana so ya san wane irin pon ne a ƙarƙashin motar, da kuma yadda za a daidaita allurar. Malam, ga yadda nake ganin hanyoyin in an jera su.

Abin da ake nema shi ne sau nawa farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa pon, ke juyawa kafin tayoyin baya su yi zagaye ɗaya; wannan adadin shi ne juyin pon. Pon mai 4.10 yana da haƙora 41 a babban faifai, wato babbar giyar cikin pon, da 10 a pinyon, ƙaramar giyar da ke juya faifan. Mai 4.30 yana da 43 da 10, mai 4.56 yana da 41 da 9, mai 4.88 kuma 39 da 8. In lambar ta yi sama, ƙarfin ja ya ƙaru, abin da mai ɗaukar buhunan aya da wake a rairayin Dakoro ko Mayayi ke so. Amma a kwaltar Tasawa injin zai riƙa kuka, shan gazuwal ya ƙaru.

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan allon ƙarfe da Toyota ke liƙawa a ɗakin injin ko a jikin ƙofa. A tsofaffin motoci za ka ga harafi da lambobi uku, kamar G292. Harafin G yana nufin faifai mai inci 8, lambobi biyu na tsakiya su ne juyin: 29 na nufin 4.10, 28 na nufin 4.30, 25 na nufin 4.56, 14 kuma 4.88. Ba kuɗi, ba datti a hannu. Sai dai allon yana gaya maka abin da aka sa wa motar ran da ta bar kamfani ne kawai. Motar da ta yi shekaru tana shiga garejin Maradi tana fita, kuma ka ji da kunnenka cewa an sauya mata pon, allonta tarihi ne. Amfaninsa a wurinka shi ne ka san asali, don ka kwatanta da abin da ke nan yanzu.

Ƙirga haƙora ita ce hanyar da ba ta da gardama, amma ta fi tsada. Pon ɗin Hilux ba shi da murfi ta baya, sai an zubar da mai, an zare sandunan tayoyi biyu, an ciro kan pon gaba ɗaya. Ba zan sa a yi wannan aikin don sanin lamba kawai ba, sai in dama pon ɗin na ƙara ko yana yoyo.

Juya taya ce nake ba ka shawara, domin ta haɗa arhar ta farko da gaskiyar ta biyu. A sami wuri mai tauri, ba yashi ba. A sa weji a tayoyin gaba, a cire giya, a saki birkin hannu, a ɗaga tayar baya guda ɗaya, a tokare motar da abu mai ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai. A yi alama da alli a jikin tayar da jikin farfela. Mutum ɗaya ya juya tayar sau 20, wani yana ƙirga juyin farfela, sannan a raba da 10. Juyi 41 na nufin 4.10, 43 na nufin 4.30, 45 da rabi na nufin 4.56, kusan 49 kuma 4.88. Dalilin 20 ɗin shi ne in taya ɗaya na ƙasa, wadda ke sama sai ta zagaya sau biyu kafin babban faifai ya yi zagaye ɗaya. Nan ne da yawa ke ɓata, su juya sau ɗaya su ce sun samu 2 da ɗoriya. In tayar ta cije ta ƙi juyawa, mai yiwuwa pon ɗin mai riƙe tayoyi tare ne. To sai a ɗaga duka biyun, a juya su tare sau 10, a raba da 10.

Lambobinka ma sun riga sun ba da alama. Raba 100 da 90, za ka samu 1.11, kuma raba 4.56 da 4.10 ma 1.11 ne. Don haka ina kyautata zaton motar ta zo da 4.10 aka sa mata 4.56, muddin tayoyin girman asali ne. Girman taya na shiga lissafin sosai: 205/80R16 tsayinta wajen milimita 734 ne, 265/75R16 kuma wajen 804, kuma babbar tana sa allura ta nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 9 cikin 100.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar da kuskuren. GPS ya isa, a miƙaƙƙiyar hanya da gudu ɗaya ba hawa ba sauka, wani na riƙe da wayar. Duwatsun kilomita na bakin hanya ma suna aiki inda suke nan daram: in allura na kan 60 kuma gaskiya take faɗa, daƙiƙa 60 ne daga dutse zuwa dutse.

Gyaran kansa ya danganta da irin motar. Motar da allurarta ke aiki da waya mai juyawa daga akwatin giya ko akwatin raba ƙarfi (mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya), ƙaramar giyar robar da ke juya wayar ake sauyawa. Lissafinta: haƙoran wadda ke ciki, sau abin da allura ta nuna, a raba da ainihin gudun. In misali taka 18 ce, 20 kake buƙata. Ya fi arha kuma ya fi daɗewa, matsalarsa ba kowane adadin haƙora ne ke shiga da giyar da ke juya ta a cikin akwatin ba. Mai na'urar lantarki kuwa, ɗan akwatin gyaran sigina ake haɗawa a waya, ana saita shi yadda ake so, amma haɗin da ba a naɗe da kyau ba ƙura da ruwan damina na kashe shi. Motocin da ke ɗaukar gudu daga na'urar ABS (mai hana taya cijewa in an taka birki) ta jikin taya, sauya pon ba ya taɓa allurarsu, girman taya ne kawai.

Abin da ya fi damuna da motarka ba allurar ba ce. Mai jan ƙafa huɗu dole pon na gaba da na baya su zama iri ɗaya. In na gaba yana nan a 4.10 na baya ya koma 4.56, duk ran da ka sa ƙafa huɗu gaba da baya za su riƙa jayayya. Rairayi zai ɓoye abin domin tayoyi na zamewa, amma a ƙasa mai tauri akwatin raba ƙarfi ko farfela ne zai biya. Ka yi wa na gaba irin wannan ƙirgar, da makullan tayoyin gaba a kulle. In sun saɓa, kada ka sayi giyar roba ko akwati, nemi kan pon mai 4.10 a mayar da na baya asalinsa, allurar za ta dawo daidai da kanta. In kuwa duka biyun 4.56 ne, to giyar roba kawai ta rage maka.