Ƙurajen famfas: man kanti ko na gida?

Ni dai ba zan ɓoye ba, man da ke da sinadarin zinc oxide shi ne nawa. Abin da ke cin fatar jariri danshi ne: fitsari da kashi su haɗu su jima, famfas na ta goga, sai ki ga ɗuwawu ya yi jawur. Shi kuwa wannan farin mai mai kauri shiga yake yi tsakanin fata da ƙazanta. Man kanti mai suna Sudocrem na ɗauke da kusan kashi 15 cikin 100 na sinadarin, akwai kuma Desitin mai kashi 40 idan abin ya yi tsanani. Ki lafta shi, kada ki yi rowa. In kin zo canji, ki goge inda ya ɓaci kawai, ki ƙara sabo a kai. Dirzar ɗanyar fata don cire tsohon mai ita ke sa yaro tsala ihu.

Vaseline ya fi amfani kafin ƙurajen su fito. Man kwakwa da man kaɗanya suna sa laushi, amma ba sa zama, famfas ke shanye su. Hoda kuwa ki manta da ita, jariri shaƙarta yake yi.

Inda na ƙone shi ne wani mai da aka sayar min, wai yana maganin komai. Kwana biyu ja ya ɓace, har ina yi wa mai shagon addu'a. Ina dainawa abin ya dawo ya fi da, fatar 'yata ta yi sheƙi kamar leda. Sai a asibiti aka nuna min ƙaramin rubutun jikin kwalin: clobetasol. Shi da betamethasone magunguna ne masu ƙarfi, kuma famfas na rufe wurin ya sa su ƙara ratsa fata. Duk man da kika ga sunansu a jiki, ajiye shi, sai in likita ne ya rubuta. Wanda aka ɗura a robar da ba suna ba kwanan wata, ko kyauta ne kada ki karɓa. Ko na sanannen kamfani ne, duba hatimin bakinsa, ki gwada lambar kwali da ta jikin man. Jabu kan yi ruwa-ruwa.

In kwana 3 sun wuce ba sauƙi, ko jan ya shiga cikin matse-matsi da ƙananan ɗigo a gefe, wataƙila ƙwayar cutar fata ce da ake kira kandida. Wannan zinc oxide kaɗai ba ya kashe ta, sai likita ya duba ya ba da irin su clotrimazole.