Kiriyatin da garin furotin: wanne ya biya kuɗinsa, wanne ya kamata a bari a kanta

Shagon kayan 'yan ɗaga ƙarfe cike yake da robobi masu hoton ƙattai, kowace tana alƙawarin damtse kamar turmi. Bayan wata shida ana sha ana ɗaga ƙarfe kwana huɗu a mako, hukuncina gajere ne: abu biyu kawai suka biya kuɗinsu. Na farko kiriyatin, wanda za ka ga an rubuta Creatine Monohydrate a jikin robarsa. Na biyu garin furotin na madara, mai suna Whey, shi kuma sai da sharaɗi. Sauran kayan, wasu asarar kuɗi ne, wasu kuwa asarar hanta.

Kiriyatin farin gari ne, ba ƙamshi ba ɗanɗano. In ka zuba shi a ruwan sanyi ba ya narkewa duka, sai ya kwanta a gindin kofi kamar rairayi, kana sha kana jin ƙasa-ƙasa a haƙori. Wannan ba alamar jabu ba ce, halinsa ke nan. Ruwan ɗumi ya fi narkar da shi, in kuma ya rage a kofin sai ka ƙara ruwa kaɗan ka girgiza ka shanye, don abin da ya kwanta ɗin shi ne kuɗinka. Kada dai a dama da yawa a zoɓo ko lemo a ajiye kwana da kwanaki, tsami da zafi suna lalata shi a hankali.

Yadda yake aiki ba wani sihiri ba ne. Tsoka tana da ɗan rumbun ƙarfi da take buɗewa a daƙiƙu goma na farko na aiki mai tsanani, kiriyatin ne ke cika wannan rumbun. A aikace, ƙarfen da kake ɗagawa sau takwas hannu ya mutu, sai ka ga ka kai tara ko goma. Wannan ɗaya ko biyun da suka ƙaru, in suka taru wata da watanni, su ke zama tsoka. Wanda ya sha ya koma kan tabarma ba abin da zai gani. Jiki da kansa yana haɗa kusan giram 1 a rana a hanta da ƙoda, nama da kifi su ƙara masa, domin kilo guda na ɗanyen naman sa na ɗauke da giram 4 zuwa 5. Shi ya sa wanda bai cika samun nama ba ya fi ganin canji. Mai cin tsire kullum zai iya cewa bai ji komai ba, kuma da gaskiyarsa.

Awonsa giram 3 zuwa 5 ne a rana, wato kusan cokalin shayi ɗaya a cike, kullum har ranar hutu, kuma lokacin sha bai da wani muhimmanci. Akwai tsarin gaggawa da masu horarwa ke son koyarwa: giram 20 a rana, a raba kashi huɗu, na kwana biyar zuwa bakwai, sannan a sauko zuwa giram 5. Yana cika tsoka cikin mako guda. Amma wanda ya tsaya kan giram 5 tun farko zai iso wuri ɗaya cikin mako uku zuwa huɗu, ba tare da murɗawar ciki da gudawar da ke biyo bayan ɗura giram 10 ko 20 a lokaci guda ba. Ban ga dalilin gaggawar ba. Robar giram 300 tana kai wata biyu a awon giram 5, ta kai kwana 100 a awon giram 3. Nau'ukan da ake wa laƙabi da HCL ko wasu haruffa a tsauwala musu kuɗi, ba a nuna sun fi na asalin ba.

A makonni biyun farko sikeli zai hau da kilo ɗaya zuwa biyu. Ruwa ne da tsoka ta riƙe, kada a yi saurin murna. Batun ƙoda kuwa, wanda shi ne tambayar kowa: binciken da aka shafe shekaru ana yi a kan masu lafiya bai nuna wannan awon na lalata ƙoda ba. Mai ciwon ƙoda, ko wanda ya daɗe da ciwon suga ko hawan jini, sai da izinin likita. Kuma akwai wani abu da ke tayar da hankali a banza. Gwajin ƙoda na asibiti yana auna wani dusa da kiriyatin ke bari a jini, to mai shan garin zai iya ganin lambarsa ta ɗan hau alhali ƙodarsa lafiya lau. Ka faɗa wa likita kana sha tun kafin a ɗebi jinin. Abin da ya fi zama haɗari ga ƙoda a wurin ɗaga ƙarfe shi ne ɗabi'ar haɗiyar diclofenac ko ibuprofen kullum saboda ciwon jiki, a zafin Maris da Afrilu, ba tare da isasshen ruwa ba.

Garin furotin abinci ne, ba magani ba. Ruwan da ke tsatsowa idan an yi cuku ake tacewa a busar. Wanda aka rubuta Concentrate yana da furotin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, Isolate kuma kashi 90 ko fiye, an cire masa yawancin sukarin madara, ya kuma fi tsada. In ɗanyar madara tana kumbura maka ciki amma kindirmo ba ya yi, to Concentrate zai iya sa ka wuni kana fama da iska da ƙugin ciki. Sai ka rage awon ko ka koma Isolate.

Sharaɗin da na ambata lissafi ne. Mai son ƙara tsoka yana bukatar kusan giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa a rana, abin da ya wuce 2.2 kuma ba ya ƙara komai. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 112 ko sama kaɗan. Ludayin garin guda, mai nauyin giram 30, yana ba da kusan giram 24, daidai da ƙwai huɗu, tunda ƙwai ɗaya giram 6 ne. Babbar robar mai kilo 2.27 tana da ludayi saba'in da 'yan kai, wato kusan kiret goma na ƙwai. To kafin ka biya, tambayi kuɗin kiret goma a unguwarku ka kwatanta. Kuma ƙwai ba shi kaɗai ba ne: busasshen waken suya yana da kusan giram 36 a kowane giram 100, wake da gyaɗa kusan 24, ga awara, ga ƙuli-ƙuli da kilishi da busasshen kifi. Inda garin ya yi fice shi ne sauƙi. Ɗalibi a hostel ko ma'aikacin da ba shi da wurin girki zai girgiza ya sha cikin minti ɗaya, kuma ya fi haɗiyar ƙwai na takwas daɗi. Wanda abincin gidansu ke kai shi ga lissafin, kuɗinsa kawai yake kai wa mai shago.

Karatun jikin roba yana raba gaskiya da ƙarya fiye da hoton gaba. Raba giram ɗin furotin da nauyin ludayi: 24 cikin 30 kashi 80 ne, madalla. In ka ga 15 cikin 35, sauran sitaci ne da suga. Akwai kuma dabarar da wasu kamfanoni ke yi, saboda gwajin da aka saba yana auna sinadarin naitirojin ne ba furotin kansa ba: sai su zuba abubuwa masu araha irin glycine da taurine lambar ta hau. In ka ga waɗannan sunaye a sahun gaba na jerin kayan haɗi, ajiye robar. Wanda ake ƙullawa a leda ana sayarwa awo-awo daga buɗaɗɗiyar roba kuwa, kada ma a soma. Na gaskiya yana kumfa in an girgiza shi, in an zuba masa tafasasshen ruwa sai ya guntse kamar madarar da ta tsinke. Wanda aka cakuɗa da fulawa yana yin kauri kamar koko, ɗigon aidin na wanke ciwo kuma yana mai da shi baƙi-baƙi mai shuɗi. Gwajin gida ne, yana kama ƙaramin ɓarawo kawai.

Manyan buhunan ƙara nauyi, masu suna Mass Gainer, su ne suka fi yaudarar ramammun samari. Sha ɗaya da aka rubuta kan wuce giram 300 na gari, kalori sama da 1,200, amma furotin ɗin ciki kusan giram 50 ne, sauran garin sitaci ne mai saurin komawa suga. Buhun kilo biyar bai wuce sha goma sha shida ba. Fura da nono da ayaba da cokali biyu na tunkuzar gyaɗa za su yi wannan aikin, kuma tumbin da za su kawo bai fi na buhun ba. BCAA kuwa guda uku ne cikin tubalan furotin, suna nan cikin ƙwai da cikin Whey ɗin da ka riga ka saya. Ruwa mai kala ne mai tsada.

Garin da ake sha kafin atisaye galibi kafeyin ne, miligiram 150 zuwa 300 a ludayi, alhali iyakar da ake ba babban mutum mai lafiya 400 ce a wuni. Ka haɗa da shayin safe da goro da lemon ƙara kuzari, sai bugun zuciya da rawar hannu. Jin kamar kiyashi na yawo a fuska daga wani sinadarin cikin garin ne mai suna beta-alanine, ba ya cutarwa, kuma ba shaidar cewa garin yana aiki ba ne. Wanda ke atisaye bayan isha'i ya sha wannan, ya sayar da barcinsa, kuma cikin barci tsoka take ginuwa.

Yawancin waɗannan robobi daga Amurka suke, ko kuma suna da'awar haka, mutane kuma suna ɗauka an tantance su. Dokar da Amurka ta yi a 1994 ba ta bukaci FDA, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, ta amince da irin waɗannan kaya kafin su shiga kasuwa ba, sai bayan an samu matsala take bin sawu. Haka aka janye wani irin kayan mai suna OxyElite Pro a 2013 bayan an danganta shi da lalacewar hanta, musamman a Hawaii. Wani bincike da ɗakin gwaji na Kolon a Jamus ya yi wa kwamitin Olamfik na duniya ya duba kaya 634 daga ƙasashe 13, ya tarar kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗauke da sinadaran sitiroyid, masu kwaikwayon sinadarin maza, da ba a rubuta a jiki ba. Saboda haka lambar NAFDAC ita ce matakin farko, tana nuna an yi wa kayan rajista, ba ta ce zai ƙara maka ƙwanji ba. Tambarin Informed Sport ko NSF Certified for Sport ya fi ƙarfi, domin ana iya shiga shafinsu a duba lambar rukunin da ke gindin robar. Duk robar da ta ɓoye awon kayan haɗinta ƙarƙashin sunan wani haɗin sirri na kamfani, ni ba na saya.

Akwai kuma abin da ba a jerawa a kanta, sai an ja ka gefe a ce akwai mai saurin aiki. Dianabol, Deca, Sustanon da 'yan'uwansu sitiroyid ne, magungunan asibiti ko haramtattu, ba ƙarin abinci ba. Suna aiki, ba a musu, shi ya sa suke da haɗari. Jiki yana ganin sinadarin maza ya yi yawa daga waje sai ya daina yin nasa: maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har haihuwa ta gagara, nono ya fito wa namiji, ƙuraje su cika baya, jini ya hau, zuciya ta yi kauri. Na haɗiya su suka fi taɓa hanta. Ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar shayi, jiki ya kama ƙaiƙayi, to a daina nan take a tafi asibiti da kwalbar a hannu, kada a tsaya jiƙe-jiƙen shawara. Masu aiki kamar sitiroyid da ake kira SARMs, irin ostarine, da ake tallatawa a matsayin marasa illa, FDA ta yi gargaɗi a kansu tun 2017. Mafi ban takaici shi ne dexamethasone da wasu ke saya a kemis don su ciko. Wannan cinye tsoka yake yi, ya kumbura fuska da ciki, ya tayar da suga, kuma wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya yanke shi rana ɗaya ba sai likita ya sauke shi a hankali.

Masu tambayar halacci: kiriyatin na kasuwa a masana'anta ake haɗa shi daga sinadarai, ba daga dabba ba, amma na cikin kwanso yakan zo da gelatin, don haka garin ya fi kwanciyar hankali, ya kuma fi araha. Whey kuwa a nemi mai tambarin halal saboda abin da ake daskarar da cukun da shi. Da azumi a sha kiriyatin bayan buɗa-baki da ruwa mai yawa, furotin kuma da sahur. Da damina garin yakan dunƙule saboda laima, musamman in an mayar da jiƙaƙƙen ludayi ciki. A bar ɗan ƙullin tsotse danshin da ya zo da robar, a rufe murfin gam. Dunƙulen da ya farfashe da yatsa ba komai, amma garin furotin da ya canza kala ko ya soma warin tsohon mai, a zubar.