Rajistar tambarin kasuwanci: Najeriya, ƙasashen sefa, Ghana da Sin

Hajiya, kin ce kina haɗa humra da turaren wuta a Kano, kayanki suna shiga Maraɗi, Damagaram da Njamena, kina da dillaliya a Kumasi, kwalabe da kwalaye kuma daga Sin ake buga miki su da sunanki a jiki. Tambayarki ita ce ko takardar CAC (hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya) da kike da ita ta wadatar wajen kare tambarinki, in kuma ba ta wadatar ba, ina za ki nufa, nawa za ki tanada.

Ba ta wadatar ba. CAC sunan kamfani take rajista, ba sunan da ke jikin kwalba ba. Sannan babu wata rajista guda ɗaya da ke kare tambari a duniya baki ɗaya. Kamar takardar fili ce, wadda aka ba ki a Kano ba ta mallaka miki ko taku ɗaya a Maraɗi.

Mu fara da gida. Ofishin rajistar tambari na Najeriya yana Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari. Za a fara da bincike a ga ko wani ya riga ki, a shigar da takarda, a ba ki shaidar karɓa, mai dubawa ya duba, in ya gamsu a ba ki takardar amincewa. Daga nan sai a buga tambarin a mujallar ofishin, a bar wata 2 ga duk mai ƙorafi. In ba wanda ya fito, a ba ki satifiket. Jiran fitowar mujallar nan shi ke cin lokaci, yakan kai shekara ko fiye, amma ranar da kika shigar da takarda ita ake lissafi da ita. Rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma shekara 14 kowane zagaye. Da naira ake biya, kuma cikin duk wuraren da zan ambata nan ne ya fi sauƙin kuɗi. Galibi ladan lauya ko wakili ya fi abin da gwamnati ke karɓa, don haka ki ce a rubuta miki su daban-daban kafin ki biya.

Akwai maganar rukuni. An raba kaya da ayyuka zuwa rukuni 45, kuma a Najeriya kowane rukuni da takardarsa da kuɗinsa. Turare, sabulu da man shafawa suna rukuni na 3. In gobe kika fara yaji da sunan nan, wannan na 30 ne, kilishi na 29, ɗinkakkun kaya na 25. Kada ki ɗauki rukunin da ba ki da niyyar shiga, asarar kuɗi ce.

Nijar da Chadi su ne inda sa'arki take. Dukkansu suna cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai rajistar tambari da sauran haƙƙin mallakar fasaha, da ke da hedikwata a Yawunde, wadda ke aiki da yarjejeniyar Bangui ta 1977. Ƙasashe 17 ne, har da Kamaru, Benin, Togo, Mali, Burkina Faso, Senegal, Kwaddibuwa da Gabon. Takarda ɗaya, biya ɗaya, ta rufe su duka, kuma ba a zaɓar ƙasa ɗaya a bar sauran. Ficewar Nijar daga ECOWAS ba ta taɓa wannan ba, tana nan cikin OAPI. Kuɗin ofis kaɗai ya haura sefa 300,000, wato jaka 300 da wani abu a lissafin mutanen Maraɗi, ban da ladan wakili, kuma tun da ba a can kike zaune ba dole ki bi ta hannun wakilin da ƙungiyar ta amince da shi. In kika mayar da kuɗin naira za ki ji nauyinsa. Amma ki raba shi gida 17, ki tuna shekara 10 yake yi, kuma ana iya haɗa rukuni fiye da ɗaya a takarda guda da ɗan ƙari. A ganina babu inda kuɗinki zai yi aiki kamar nan, domin kasuwannin nan ne kayanki suka fi yawo a hannun da ba ki sani ba.

Ghana ba ta cikin OAPI. Can sai an shigar da takarda daban a ofishin babban magatakarda da ke Accra, ta hannun wakili, ita ma shekara 10. In abin da ke zuwa Kumasi katan biyu ne ko uku a wata, za ki iya jinkirtawa. Abu ɗaya kawai: kada ki yarda dillaliyarki ta yi rajistar da sunanta "don sauƙi". Wanda sunansa ke jikin satifiket shi ne mai tambari a idon doka, ranar da kuka ɓata kuwa dillaliyar ce za ta iya hana kayanki shiga.

Sin ce nake so ki ɗauka da muhimmanci duk da ba kya sayarwa a can. Dokarsu wanda ya riga shigar da takarda shi ke da tambari. In wani ya ga sunanki a jikin kwali a masana'anta ya je ya yi rajistarsa, yana iya kai ƙara hukumar kwastan ta tsare kayanki a tashar jirgin ruwa, ki koma kina roƙon sayen sunanki a hannunsa. Kuɗin ofis a can bai wuce yuwan 300 a kowane rukuni ba, sauran na wakili ne. Tun da har ana buga sunanki a ƙasar, ki yi.

Wasu za su ce miki ki bi tsarin Madrid, wanda WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, ke gudanarwa daga Janiba, inda takarda ɗaya ke isa ƙasashe fiye da 100. Kuɗin farko faran 653 ne na Suwizalan in tambarin baƙi da fari ne, 903 in mai launi ne, sannan a biya na kowace ƙasar da aka zaɓa. Ghana, Sudan, Sin da OAPI duk suna ciki. Najeriya ba ta ciki, saboda haka da kamfanin Kano kaɗai ƙofar a rufe take, sai in kina da kafaffen kasuwanci na gaske a wata ƙasar da ke ciki. Turai da Amurka kuwa ba yanzu ba, amma don ki san ma'auni: Tarayyar Turai yuro 850 ne rukuni ɗaya, ya rufe ƙasashe 27, Amurka dala 350 kowane rukuni.

Ga abin da zai ba ki numfashi wajen kuɗi. A ƙarƙashin yarjejeniyar Paris, in kika shigar a Abuja yau, kina da wata 6 ki shigar a OAPI, Ghana ko Sin ki nemi a lissafa miki daga ranar ta Abuja. Duk wanda ya shiga tsakani da irin sunanki, ke ce gaba da shi. Sai dai dole wakilinki ya nemi wannan a cikin takardar, ba ya zuwa da kansa.

Kafin ki kashe ko sisi, ki dubi sunan kansa. In irin su "Humra Mai Ƙamshi" ne ko "Turaren Kano", da wuya a ba ki ikon hana wasu amfani da shi, domin bayanin kayan ne kawai. Sunan da kika ƙirƙira, haɗe da zanenki, shi ke wucewa cikin sauƙi. In naki na buƙatar gyara, ki gyara tun kafin a buga kwalaben gaba.

Da ni ce, Hajiya, Abuja zan fara a wannan watan, rukuni na 3, da ma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, za ta nemi shaidar tambari idan kika je rajistar kayan. Sin ta biyo baya nan da nan tun da ba ta da tsada, OAPI kafin wata 6 su cika, Ghana kuma sai cinikin Kumasi ya kai ya biya kuɗin da kansa.