Gwajin garkuwar korona a wani ɗakin gwaji na Agege

Wannan gwajin ba shi ne na PCR da ake zura auduga a hanci ba. Jini ake duba, don a ga ko jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar korona har ya samar da garkuwa. Na yi nau'i biyu a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Agege, kuma ba ɗaya suke ba.

Na gaggawa ɗan farantin roba ne mai ramuka. Ana goge yatsa da sifirit, a huda, a ɗiga jini ɗigo ɗaya, a bi shi da ruwan kwalbar da ke zuwa tare da farantin ɗigo biyu ko uku. Bayan minti 15 ake karantawa. Idan ya haura minti 20, a jefar, domin layukan bogi kan fito. Layin C, mai nuna cewa farantin ya yi aiki, dole ya bayyana, in babu shi gwajin ya lalace. Sauran layukan na garkuwa iri biyu ne: IgM na nuna kamuwa ta kusa, IgG kuma ta da. Inda na ga gazawa: kwalin kayan gwajin yana ajiye kusa da taga, ga zafin Legas, alhali kayan ba sa son zafin da ya wuce digiri 30. Ma'aikaciyar kuma ta matse yatsan sosai, abin da kan gauraya jinin da ruwan nama.

Na biyu, wanda ake ɗiban jini daga jijiya a sa a na'ura, ya fi tsada amma shi nake ba da shawara. Ka tambaya tun farko: garkuwar N suke nema ko ta S? N da S sassa biyu ne na jikin ƙwayar korona. Wanda aka yi wa allurar AstraZeneca, irin wadda ta fara isowa Najeriya a watan Maris na 2021, zai nuna S ko da bai taɓa kamuwa ba. N ce ke nuna kamuwa. Kuma wanda zazzaɓi ya kama shekaranjiya kada ya ɓata kuɗinsa, sai bayan mako biyu zuwa uku garkuwa ke fitowa a jini.

Damuwata ita ce yadda mutane ke ɗaukar takardar sakamakon. Ɗan kasuwa a Mile 12 ya ga IgG, sai ya cire takunkumi ya ce shi ya gama da korona. Wani kuma ya ga babu komai, ya ce ai dama cutar ta masu shiga jirgi ce. Takardar ba ta ce kowanne ba. Garkuwa tana raguwa da watanni, ana sake kamuwa, kuma lokacin da ake neman gwaji kafin shiga jirgi, filin jirgi bai karɓe ta a madadin PCR ba. Ga mai tsoho a gida, mai ciwon suga ko hawan jini, sakamakon bai sauya lissafi ba.

Ɗakin na da tsabta, sun buɗe sabuwar allura a gabana, sakamako ya zo ta WhatsApp washegari. Bayanin ma'anarsa ne babu wanda ya yi sai da na tambaya.