Wata Uku a Laburaren Herskovits: Yadda Na Sami Nema da Aron Littattafai

Na yi kusan wata uku, daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Disamba, ina aiki kusan kullum a Laburaren Nazarin Afirka na Melville J. Herskovits da ke Jami'ar Northwestern, a garin Evanston na jihar Illinois, arewa da birnin Shikago a bakin Tafkin Michigan. Abin da ya kai ni shi ne bincike a kan irin karatun da malaman Kano masu haɗa fatauci da ilimi suke yi a rabin farko na ƙarni na 20, wato waɗanne littattafai suka mallaka, daga ina suka samo su, kuma me suka rubuta da hannunsu a gefen shafi. Tun da na dawo gida abokan aiki da ɗalibai suke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na tarar dalla-dalla, domin wanda yake shirin irin wannan tafiya ya san inda zai sa ƙafa.

Herskovits masanin al'adun al'umma ne, shi ya kafa shirin nazarin Afirka a wannan jami'a a 1948, laburaren da ke ɗauke da sunansa kuma an kafa shi a 1954. A yau yana da littattafai sama da 400,000, daga cikinsu kimanin 20,000 an rubuta su da harsunan Afirka, ban da jaridu, taswirori, hotuna da fastoci. Yana hawa na biyar a hasumiyar gabas ta babban ginin laburaren jami'ar, wanda aka buɗe a 1970. A cikin hasumiyar an jera kantocin littattafai a kewaye, suna fita daga tsakiya zuwa bango kamar yadda hanyoyi suke fita daga tsakiyar birni zuwa ƙofofin ganuwa, tebura kuma suna can jikin tagogi. Baƙo yana bukatar kwana biyu ko uku kafin idonsa ya saba da wannan tsari, amma da zarar ya gane cewa lambobin suna bin da'irar ne, sai neman kanta ya zama da sauƙi.

Maganar aro ta rataya ne a kan matsayin da mutum ya shigo da shi. Ni na je ne a matsayin malami mai ziyara bisa gayyatar jami'ar, saboda haka aka ba ni katin shaida da suke kira Wildcard, kuma shi ne katin aron. Wanda zai je ba tare da gayyata ba, shawarata ita ce ya rubuta wa ma'aikatan laburaren tun yana gida ya tambayi ka'idar da ta shafe shi, domin izinin zama a karanta daban, izinin fita da littafi daban. Shi kansa aron ba ya cin lokaci. Ana miƙa kati da littafi a teburin aro, a haska lambobinsu da na'ura, kafin mutum ya koma mazauninsa saƙon imel ya iso da sunan littafin da ranar mayarwa. Sabunta aro kuma ana yin sa ta intanet ba sai an ɗauko littafin an kawo ba. Abu guda da ya kamata a kiyaye shi ne cewa wani mai karatu yana da damar neman a karɓo littafin da ke hannunka, kuma idan haka ta faru wa'adinka yana raguwa. Sau ɗaya hakan ta same ni, a kan littafin John Paden na 1973 game da addini da siyasa a Kano, na mayar a kan lokaci, daga baya ni ma na yi amfani da wannan dama a kan wani littafi da ya daɗe a hannun wani. A ganina ka'idar ta yi adalci, domin tana hana mutum ɗaya ya tsare littafi wata da watanni a ofishinsa alhali ba karantawa yake yi ba.

Inda aikin yake da wuya, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne nema. Kundin laburaren na intanet, NUsearch, yana da sauri, kuma yana haɗa littattafai da maƙalun mujallu da kundayen digiri a wuri guda. Sai dai kundi ba ya ba ka sai abin da ka tambaye shi da irin rubutun da ya sani, kuma a nan ne Bahaushe mai bincike yake cin karo da matsalar da ba ta damun mai neman littafin Turanci. A makona na farko na rubuta sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yadda muke rubuta shi, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Wata ma'aikaciyar sashen, wadda ta ga na daɗe a gaban kwamfuta ban tashi zuwa kanta ba, ta zo ta zauna kusa da ni ta nuna mini cewa laburaren Amurka suna bin sunan da Laburaren Majalisar Dokokin ƙasar ya tsayar wa kowane marubuci, kuma sunan da aka tsayar wa Shehu shi ne Usuman dan Fodio, 1754-1817. Da muka danna wannan suna sai ayyukansa suka fito a jere, har da waɗanda bangonsu yake ɗauke da Ibn Fudi da haruffan Larabci. Daga ranar na buɗe shafi a littafin rubutuna inda nake tara siffofin kowane suna: yadda Hausawa suke faɗa, yadda Turawan mulki suka rubuta, da yadda ake mayar da Larabci zuwa boko, inda Bakano yake komawa al-Kanawi, Bakatsine kuma al-Kashinawi.

Haka lamarin yake ga haruffa masu lanƙwasa. Littattafan Hausa da yawa an shigar da su kundi tun kafin kwamfuta ta iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ, wasu kuma mawallafansu ne tun asali ba su sa lanƙwasar ba, saboda haka wajibi ne a gwada kalma da lanƙwasa, a sake gwada ta babu. Rabe kalmomi ma yana ɓatar da littafi, domin abin da wani ya rubuta a haɗe wani ya raba shi biyu. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce in sami littafi ɗaya mai kyau a kan batun, in duba kan maganar da aka rataya masa a kundi, in bi wannan kan magana, sa'an nan in tafi kanta da ƙafata in duba maƙwabtansa na dama da hagu. Littattafai uku da suka fi yi mini amfani a babi na biyu na aikina ta haka na same su, ba ta kwamfuta ba, kuma wannan ne babban alherin laburaren da ya bar kantocinsa a buɗe ga mai karatu.

Ba duk abin da kundi ya nuna ba ne yake cikin ginin. Wani kaso na littattafan yana rumbun ajiya na Oak Grove da ke garin Waukegan, kuma ana neman su ne ta danna maɓalli a kundi. Waɗanda na nema sun iso washegari ko bayan kwana biyu, saƙo kuma ya sanar da ni cewa suna jirana a teburin aro. Abin da jami'ar ba ta da shi kwata-kwata ana aro shi daga wasu jami'o'in, ta ƙawancen jami'o'in Amurka da ake kira Big Ten ko ta aron tsakanin laburare na gama-gari, kuma idan babi ɗaya ko maƙala ɗaya ake so sai a ɗauki hotonta a aiko ta imel. Akwai kuma Cibiyar Laburaren Bincike da ke Shikago, wadda take riƙe da tarin CAMP, shirin haɗin gwiwa da aka fara a 1963 domin adana jaridu da takardun Afirka a kan maikurofim, wato fim ɗin da ake ɗaukar hoton shafuka a kansa a ƙanƙance. Karanta tsohuwar jarida a na'urar maikurofim yana gajiyar da ido, amma na'urorin yanzu suna ba da damar adana shafin da ake so a kwamfuta. Darasin da ke nan shi ne kada mutum ya bar neman irin waɗannan kaya sai makon ƙarshe.

Amma ainihin abin da ya sa na ketare teku shi ne rubuce-rubucen hannu. Laburaren yana ajiye da tarin Malam Umar Falke, malami ɗan Tijjaniyya kuma ɗan kasuwa a Kano, wanda aka haifa a 1893 ya rasu a 1962. Sunan Falke kansa ya faɗi sana'arsa. Tarin ya haura takardu 3,000, mafi yawansu da Larabci, wasu da ajamin Hausa, kuma darajarsa ita ce ɗakin karatun mutum ɗaya ne da ba a wargaza ba: fiƙihun Malikiyya, tauhidi, waƙoƙin yabon Manzon Allah, littattafan ɗariƙa, magunguna da asirai, duk abin da malami matafiyi yake bukata a gida da kan hanya. Kusa da shi akwai tarin Paden, wanda ya tattara a Kano lokacin bincikensa, da tarin John Hunwick, masanin tarihin Musulunci a Afirka ta Yamma. Kafin in taɓa ko takarda ɗaya, an shawarce ni in karanta kundin digirin da Abdullahi Mohammed ya rubuta a wannan jami'a a 1978 a kan Falke da littattafansa, kuma shawarar ta rage mini wahalar makonni.

Waɗannan kaya ba a aron su, ba a kuma ɗauko su da kai. Ana rubuta lambar abin da ake so tun da wuri, a ajiye jaka da biro da kofin shayi a waje, a shiga da fensir da takarda, a kawo wa mutum kaɗan-kaɗan. Ba zan manta da safiyar da aka fara ajiye mini su ba. Takardun warwatse suke ba ɗinki, kamar yadda muka saba gani a tadarishin malaman zaure, kuma abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar nan da marubuci yake sawa a ƙasan shafi domin ta nuna farkon shafi na gaba. Tawadar baƙa ce da ta koma ruwan ƙasa, wasulan da ja, a gefe kuma ga ƙananan rubutu a karkace inda mai karatu ya fassara wata kalmar Larabci da Hausa domin kada ta kuɓuce masa. Da na ɗaga wata takarda a hankali ta fuskanci haske sai ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta, alamar takardar Italiya da fatake suka daɗe suna shigowa da ita ƙasar Hausa ta hamada. Ma'aikacin da ke kula da ɗakin ya roƙe ni abu ɗaya, in mayar da kowace takarda inda na same ta ko da ina ganin an saɓa jerin, in kuma rubuta musu abin da na lura da shi. Na yi hakan sau biyu, kuma duk sau biyun an karɓa da godiya an rubuta.

Zama da waɗannan takardu ya tayar mini da tunani iri biyu da har yanzu ban daidaita su ba. Akwai ciwo a ce ɗalibi a Kano sai ya nemi biza da kuɗin jirgi kafin ya ga abin da aka rubuta a unguwar kakanninsa. Amma kuma na tuna wani laburare a gida, ba sai na ambaci sunansa ba, inda na taɓa yin sati guda ina bin wani littafi da katinsa yake cikin akwati, aka ce yana ofishin wane, aka ce an kai ɗauri, daga ƙarshe na haƙura. Na kuma tuna buhunan takardun wani dattijon malami a danginmu da gara da ɗigon damina suka cinye bayan rasuwarsa. A Evanston, cikin wata uku, duk abin da kundi ya ce akwai na same shi, ko a kanta, ko a rumbu, ko a hannun wani mai aro da aka san ranar dawowarsa. Wannan amana tsakanin kundi da kanta ita ce ta fi burge ni, fiye da girman ginin da yawan na'urorin, kuma ba kuɗi kaɗai suke kawo ta ba, aikin mutane ne da suke mayar da kowane littafi mazauninsa kowace rana.

Ga mai niyyar zuwa, rabin aikin ana iya gama shi daga gida. NUsearch a buɗe yake ga kowa ta intanet, haka ma WorldCat, wanda yake nuna laburaren da ke da littafi a faɗin duniya, kuma bayanan rubuce-rubucen hannun suna cikin rumbun bayanai na WAAMD da Charles Stewart ya assasa domin rubutun Larabci na Afirka ta Yamma. Da na san haka sosai da na isa da jerin lambobina a hannu, na tsira da makonni biyu. Ya kamata kuma a lissafa tsadar masauki a Evanston, da sanyin da yake shigowa daga tafki tun watan Nuwamba, lokacin da rana take faɗuwa kafin ƙarfe biyar na yamma.

A ranar ƙarshe na mayar da littattafai goma sha ɗaya da suka rage a hannuna, na tsaya har aka haska su ɗaya bayan ɗaya aka tabbatar mini babu sauran komai a kan katina. Daga nan na hau hawa na biyar na yi sallama da ma'aikatan, na bar musu lambobin takardun Falke guda tara da lokaci bai bar ni na buɗe ba, tare da tambayar ko za a iya ɗaukar hotonsu. Amsar ta riske ni a Kano bayan sati biyu, da bayanin waɗanda za su jure ɗaukar hoto da waɗanda sai mai gyaran takardu ya fara dubawa.