Kivu, Annecy ko Tahoe: wane tafki ya dace da ƙafar Basakkwace?

Mu da muke fitowa gudu bayan sallar asuba a Sakkwato mun san hanyoyinmu ciki da bai. Ko a zaga filin wasa na Giginya, ko a miƙe titin Kalambaina, ko a nausa hanyar jami'a ta Dundaye ranar da jiki ya ba da hali. Duk ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, rana da ƙura ne kawai ke gwada mu. Shi ya sa idan ɗayanmu ya ga hoton mai gudu a bakin shuɗin tafki, tsaunuka sun yi masa ƙawanya, sai ransa ya biya. Mutum uku suka tambaye ni inda ya kamata su nufa, har da wani ƙanena da ya shiga adashi musamman don wannan tafiya. Kuɗin da za a kashe ba na wasa ba ne, don haka gara a auna tun a gida.

Ma'aunin farko shi ne tsayin wurin daga saman teku. Sakkwato tana wajen mita 300. Tafkin Annecy na Faransa yana mita 447, Kivu da ke tsakanin Ruwanda da Kwango yana mita 1,460, Tahoe na Amurka kuma mita 1,897. A tsayin Tahoe, iskar da huhu ke samu a kowane numfashi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar in an kwatanta da bakin teku, don haka mai yin kilomita goma a gida ba tare da haki ba zai ji kamar an ɗora masa buhun gero. Masu ambaton Titikaka na Kudancin Amurka su yi haƙuri tukuna, mita 3,812 ba wurin fara koyon tudu ba ne.

Tahoe shi ne wanda hotunansa suka fi yawo, kuma ya cancanta. Yana kan iyakar jihohin Kalifoniya da Nevada, zurfinsa ya kai mita 501, ruwansa garau. Hanyar ƙafa da ta zagaye shi ta kan tsaunuka, wadda ake kira Tahoe Rim Trail, ta kai kimanin kilomita 265, an kammala ta a 2001, kuma ƙololuwarta ta haura mita 3,100. Ga mai son abu mai sauƙi akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya ta kusan kilomita 5 daga Incline Village zuwa Sand Harbor. Amma dusar ƙanƙara kan rufe hanyoyin sama har zuwa Yuni, wata shekarar ma Yuli, ga dabbar beyar a dajin, ga tsadar masauki. Babban shingen kuwa biza ce. Kuɗin nema kaɗai dala 185 ne, ba a mayarwa in an hana, kuma a Yulin 2025 aka rage bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya. Ni dai ban ga dalilin da mai adashi zai fara da nan ba.

Annecy ya fi sauƙin shiga jiki. Yana kusa da birnin Geneva na Switzerland, tafiyar kilomita 40 ce ko makamancin haka, zagayen tafkin gaba ɗaya ma wajen kilomita 40 ne. A gaɓar yamma an mayar da tsohon layin dogo hanyar keke da masu gudu, lafiyayya, babu mota. Wanda bai taɓa hawa ba zai yi kwana biyu a nan ƙasa yana saba wa sanyi, sannan ya gwada hawa dutsen Semnoz mai mita 1,699, in ƙafa ta zauna ya kalli dutsen La Tournette mai mita 2,351. Ana tseren yada-ƙanin-wani a bakin tafkin cikin Afrilu, sai kuma Maxi-Race wajen ƙarshen Mayu, wadda ke bi ta kan tsaunuka ta zagaye ruwan da hawa sama da mita 5,000. Wanda ya tsinci Faransanci a zirga-zirgar Illela da Ƙonni zai ci moriyarsa a nan. Sai dai bizar shiga Turai ta Schengen yuro 90 ce tun Yunin 2024, ban da inshora da takardun banki, kuma komai da yuro za ka saya, har ruwan shayi.

Kivu na zaɓa wa kaina, shi kuma nake ba 'yan'uwana shawara. Mai fasfon ƙasar da ke cikin Tarayyar Afirka yana shiga Ruwanda ya yi kwana 30 ba tare da biyan kuɗin biza ba, wato kuɗin da za ka zuba wajen neman izini a wani wuri, a nan masauki da abinci za su ci. Jirgin RwandAir na tashi daga Legas zuwa Kigali, daga can motar haya ta kai ka bakin tafkin cikin awa uku zuwa huɗu. Ka riƙe katinka na allurar shawara, kuma kada ka cusa leda a jaka, ƙasar ta haramta ta tun 2008.

Hanyar da ake zuwa dominta ita ce Congo Nile Trail, kilomita 227 daga garin Rubavu a arewacin tafkin zuwa Rusizi a kudu, ta ratsa garin Karongi. An buɗe ta a 2011. Masu tafiya a ƙasa kan yi kwana goma, masu keke biyar, mai gudu kuwa sai ya yanki gwargwadon ƙarfinsa. Abin da ya sa na fifita ta shi ne ba ta raba ka da mutane. Jar ƙasa ce irin burjin ƙauyukanmu, tana bi ta gonakin ayaba da gahawa da ganyen shayi, kana wuce mata da kaya a ka, yara na bin ka da gudu suna dariya. In ka gaji akwai ƙauye a gaba, akwai ɗan acaɓa da zai mayar da kai masauki. A dajin Tahoe kuwa kana iya yin awa da awanni daga kai sai halinka.

Safiyata ta farko a Karongi ba zan manta da ita ba. Hazo kwance a kan ruwa, masunta na dawowa a kwale-kwalensu masu haɗe uku-uku suna rera waƙa, sanyi irin na tsakiyar hunturu amma babu ƙura ko kaɗan. Hawan farko na yi shi da haki, na tsaya sau biyu hannuna a kan gwiwa. Gangarar ce ta ba ni mamaki. Ƙafar da ta saba da shimfiɗa ba ta san birki ba, kowane taku nauyin jiki gaba ɗaya kan cinya yake sauka. Washegari da ƙyar na yi ruku'u. Duk wanda zai je, ya ware kwana biyun farko ga tafiya da sassarfa kawai.

Akwai abin lura. Rubavu tana manne da Goma ta ƙasar Kwango, wadda mayaƙan tawaye na M23 suka karɓe a Janairun 2025, saboda haka a bibiyi labarai kafin a yanki tikiti. Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya sauka Karongi ya riƙa fita yana dawowa. Lokacin da ya fi dacewa Yuni zuwa Satumba ne, domin daga Maris zuwa Mayu ruwan sama kan mayar da jar ƙasar nan taɓo mai santsi. Safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata ta aikin gayya ce da suke kira Umuganda, shaguna a rufe, motoci a tsaye, kada ka sa tafiya a lokacin. Maganin sauro ma kada a bar shi a gida. Wajen abinci, naman alade na da kasuwa a can, sai a tambaya kafin a ci. Wake da ayaba da ƙananan kifin tafkin da ake soyawa, sambaza, sun riƙe ni har na dawo.

Sai takalmi. Kafin tafiyata na shiga Sabuwar Kasuwa wajen wani dattijo mai gwanjo, na ɗauki wani fari mai laushi. Ya karɓa ya kifa shi, ya shafa ƙasansa da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, wanga na kwalta ne. In dutse za ka hau, nemi mai haƙora." Ya tono wani daga ƙasan tari, mummuna, ƙasansa kamar tayar tarakta. Shi ya tsare ni a gangaren Karongi. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita, ka bar faɗin yatsa ɗaya a gaba, in ba haka ba gangara za ta baƙanta maka farce. Na kwalta ya isa zagayen Annecy na ƙasa da gajeriyar hanyar Sand Harbor, amma kada ka hau sama da shi ko a ina ne.

Ƙanen nawa zai kwashi adashinsa bayan babbar salla. Na ce masa kafin nan ya riƙa hawa da sauka a matakalar 'yan kallo ta filin Giginya sau biyu a mako, ya fi ba saukar muhimmanci, ya kuma fara sa sabon takalmin tun yanzu don ya saba da ƙafarsa kafin ya ga Karongi.